Tambaya da Amsa: Labarin da mai karatu ke zaɓar hanyarsa, ta ina za a fara koya wa yara?

Wannan makon saƙonni uku suka zo a kan magana guda, to na haɗa su wuri ɗaya. Na mushe ya fi tsawo, da shi za mu fara.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ina wuni ina gajiya. Ni mushe ne ina koyar da Faransanci a wani CEG nan cikin Maradi, kilas ɗina yara sun haura saba'in. An kawo mana ordinatar guda shida na taimako, suna nan ajiye cikin wani ɗaki ƙura na cin su, darakta ya ce in san abin da zan yi da su. Wani abokina ya turo mini wani labari a WhatsApp wanda in kana karantawa sai a ce ka zaɓi abin da za ka yi, ka latsa, labarin ya sauya hanya, wallahi abin ya burge ni har na ce wanga ai shi ya dace da yarana tunda rubutu na ba su wuya ƙwarai. Amma ban san ta ina zan kama ba, ga kuran yau akwai gobe babu, ga rezo sai a hankali. Mi za ka ce mini?

AMSA: Wa alaikumus salam Mushe, lafiya lau, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada. Kafin komai ka bar ɗakin kwamfutocin nan a kulle tukuna, ko da sati biyu ne. Irin wannan labarin mai rassa a takarda aka fara yayinsa, a Amurka tun 1979 aka shiga buga jerin littattafan yara waɗanda in ka kai ƙarshen shafi sai a ce maka in za ka shiga kogon nan tafi shafi kaza, in gida za ka koma tafi shafi kaza, a shekarun 1980 kuma aka yi ta fitar da irinsu da Faransanci. Ke nan kaye da bik da allo sun isa a fara, kuma a nan ne ma yaro zai koyi ainihin abin, don latse-latsen cikin yini guda za su iya shi har su fi ka, abin da ke da wuya shi ne yaro ya zauna ya yi tunanin in mutum ya yi kaza mi zai biyo baya, in kuma bai yi ba fa.

Ranar farko ka shiga kilas ka rubuta musu wani abu kamar haka a allo:

Sunanki Rabi. Inna ta ba ki jikka guda ta ce ki sawo wa Kaka magani kafin magariba, maganin dala ɗari da tamanin ne. Kin kai bakin titi sai ga ƙanenki tsugune yana kuka, ya yar da kuɗin niƙa, dala arba'in, kuma kin san halin Baba in yaron nan ya koma gida hannu rabbana.

Sai ka ajiye alli ka tambaye su, ta ba shi ko ta wuce? Kar ka yi saurin tsawatarwa in kilas ya kaure da surutu, surutun nan shi kake nema. Wani zai ce ta ba shi ai ɗan'uwa ne, wata ta ce to Kaka fa da ke kwance, can baya wani mai wayo ya lissafa ya ce in ta ba shi dala ɗari da sittin za su rage mata maganin ba zai sawu ba, wani kuma ya ce ta roƙi mai kanti ya bi ta bashin dala ashirin, ka ga hanya ta uku ta fito da kanta ba kai ka kawo ta ba. Daga nan ka raba su, masu cewa ta ba shi su rubuta abin da ya faru bayan ta ba shi, masu cewa ta wuce su rubuta nasu.

A nan nake so ka tsaya da kyau domin nan ne aikin ke lalacewa. In ka sake musu, zaɓi iri biyu za su dinga kawo maka. Na farko shi ne ki bi dama ko ki bi hagu, wanda mai karatu bai san abin da ke dama ba bai san na hagu ba, canki-canka ne kawai. Na biyu kuma, kuma shi ya fi yawa wajen yaranmu saboda irin labaran da aka saba ba su, shi ne ki taimaki tsohuwa ko ki zage ta, in kin taimaka ta ba ki zinariya in kin zage ta mota ta kaɗe ki. Ba wanda zai tsaya tunani a kan wannan, kowa ya san amsar da ake so. Ka kafa musu doka guda kar ka sassauta: kowane zaɓi sai an yi asarar wani abu ta kowane ɓangare, kuma sai mai karatu ya san abin da zai iya rasawa kafin ya zaɓa. In gurup suka kawo maka nasu ka tambaye su, ku da kanku kun yi gardama a kan wannan? In suka ce a'a duk bakinmu ɗaya, su koma su sake.

Sai maganar lissafi, wadda in ba ka faɗa musu da wuri ba za su nutse. In kowane shafi ya rabu biyu, kuma rassan ba su sake haɗuwa ba, zaɓi uku a jere zai ba ka ƙarshe 8 da shafi 15, wannan da sauƙi. Zaɓi biyar, ƙarshe 32 da shafi 63. Zaɓi goma kuwa ƙarshe 1024 da shafi 2047, ba yaron da zai rubuta wannan, kai ma ba za ka iya gyara shi ba. Ka sa su yi lissafin nan da kansu a allo, mushen lissafi ma zai gode maka. Maganinsa rassan su dinga rabuwa suna sake haɗewa, kamar masu zuwa babbar kasuwa ne, wani ya taso daga unguwar Zariya wani daga unguwar Bagalam nan cikin Maradi, ƙofa guda za su shiga, sai dai wanda ya hau kabu-kabu ya iso da wuri aljihunsa ya ragu, wanda ya taka da ƙafa kuɗinsa na nan amma rana ta yi. Haka Rabi, ko ta ba ƙanenta ko ta wuce, gaban mai kanti za ta tsaya, abin da ke hannunta da abin da ke ranta ne suka bambanta.

Yara saba'in da ƴan kai, ka yi gurup goma sha biyu na mutum shida-shida. Kowane gurup su yanka takarda gida huɗu-huɗu, kowane yanki shafi ɗaya ne na labarin, a rubuta masa suna a sama da manyan baƙaƙe, Titi, Kanti, Gida, Niƙa, a ƙasa kuma a rubuta zaɓin da sunan takardar da za a je. Su shimfiɗa su a ƙasa ko kan tebur su ja kibiya da alli daga wannan zuwa wancan. Ka iyakance musu, kar ya wuce takarda goma sha biyar, ƙarshe uku, kowace takarda layi biyar ko shida. Gurup ɗin da taswirarsu ta kammala, ba kibiyar da ta tafi inda babu takarda, su ne za su fara shiga ɗakin kwamfuta, da wannan kaɗai za ka ga an dage.

To yanzu kayan aikin. Wanda nake ba ka shawara sunansa Twine, wani Ba'amurke Chris Klimas ya fitar da shi a 2009, kyauta ne ba a biyan ko dala. Yana da iri biyu, akwai wanda ake buɗewa kai tsaye a intanet a twinery.org, akwai wanda ake saukewa a girka cikin kwamfuta, Windows ko Mac ko Linux. Kai na biyun za ka ɗauka, ka sauke shi sau ɗaya inda rezo ke da ƙarfi, ka zuba a kile ka bi kwamfutocin shida ka girka, daga nan ba ruwanka da intanet. Ana iya juya harshen maɓallansa zuwa Faransanci. In ka buɗe za ka ga fili da ƴan akwatuna da kibiyoyi tsakaninsu, wato daidai abin da yaran suka shimfiɗa a ƙasa, shi ya sa wanda ya yi na takarda ba ya ɓata. Yadda ake haɗa shafi da shafi kuwa a ƙarshen rubutun Rabi sai a buga:

[[Ki ba shi kuɗin niƙan->Niƙa]]
[[Ki wuce ki sawo maganin->Kanti]]

Abin da ke hagun kibiyar shi mai karatu zai gani ya latsa, na damanta sunan shafin da za a kai shi. Da an rufe bakan nan biyu Twine zai ƙirƙiro sabon akwati mai wannan sunan da kansa. Daɗin abin ke nan kuma nan tarkonsa yake, domin in yaro ya rubuta Kanti a nan, can ya rubuta kanti da ƙaramin baƙi, ko Niƙa a nan Nika a can, wajen Twine wurare biyu ne daban, sai ka ga akwati fanko ya fito gefe labarin ya maƙale, yara na rantsuwa su ba su taɓa komai ba. Ni shawarata sunayen shafuka a yi su gajeru ba ƙugiya, a rubuta jerinsu a takarda a manna jikin kwamfutar, ƙugiyoyin a bar su cikin labarin kansa.

Wannan kaɗai ya isa zangon farko. Waɗanda suka yi sauri, kuma za a samu, su ne za ka nuna wa yadda labari ke riƙe abu a kansa. A tsarin da Twine ke zuwa da shi, Harlowe, in ka rubuta (set: $kudi to 1000) a shafin farko, wato jikkar Rabi, sannan a shafin Niƙa ka sa (set: $kudi to $kudi - 200), to in Rabi ta isa kanti kana iya cewa (if: $kudi >= 900)[Mai kanti ya miƙo miki maganin.] kuma wannan layin ba zai bayyana ba sai ga wadda kuɗinta suka kai. Shafi ɗaya ne amma mutum biyu za su karanta shi daban. Kar ka fara da wannan dai, in ka fara da shi yara uku za su mamaye kwamfuta sauran su koma ƴan kallo. Ko a hakan ma ka sa ido, kowa ya buga takardar da ya rubuta da hannunsa, musamman ƴan mata, don in ba ka ce komai ba samarin ne za su zauna kan kujera har a tashi.

Maganar kuran, Twine na ajiye abin da ake bugawa da kansa yana tafiya, to ɗaukewar wuta ba ta cika cinye aiki da yawa ba, kuma takardun na nan. Amma duk ranar da aka tashi a fitar da kowane labari a zuba a kile. Abin da yake fitarwa fayil ɗaya ne na HTML, wato irin shafin intanet, mara nauyi in rubutu ne zalla, ana tura shi ta Bluetooth ko Xender ko WhatsApp, a buɗe shi a salula a karanta ba tare da forfe ba, kuma wannan fayil ɗin ana iya mayar da shi cikin Twine a ci gaba da gyara.

Ranar da ta fi kowace amfani ita ce ranar gwaji. Gurup su yi musaya, waɗannan su karanta na waɗancan, masu labarin su tsaya a baya baki rufe, ba bayani ba nuni da yatsa, bik kawai a hannu suna rubuta inda mai karatu ya tsaya yana tambayar wai wane ne wannan, inda ya yi dariya, inda ya latsa bai ko karanta ba. Yaron da ka shekara kana ja masa jan bik a kaye bai damu ba, ranar da ya ga abokinsa ya kasa gane jimlarsa da kansa zai roƙi a bar shi ya gyara. In ka zo ba da maki a kan 20, kar kyan launi ko yawan shafi su ruɗe ka, ka ba nauyin zaɓi kaso mafi tsoka, sannan ko kowace hanya ta kai ƙarshe ba ta saɓa wa abin da ya gabata ba, kamar a ce Rabi ta ba da kuɗi a shafi na biyu kuma a na shida a gan ta da jikkarta cif, sannan harshe.

Tunda Faransanci kake koyarwa, ka bar su su yi gardamar da tsara taswirar da Hausa, rubutun a yi da Faransanci, in ka tilasta Faransanci tun wajen tunani zaɓin zai fito a bushe. Kuma darasin nahawu na kwance a ciki, jimlar sharaɗi mai si, da sigar umarni, duk zaɓi da su ake gina shi. Abu ɗaya da za ku ci karo da shi ko da wane harshe, mai karatun mace ce ko namiji? Da Hausa ka ne ko ki, da Faransanci tu es parti ne ko tu es partie. Mafi sauƙi a ba shi suna tun layin farko kamar yadda na yi da Rabi, namiji ya karanta a matsayin Rabi ba abin da zai ragu a jikinsa. In an samu lokaci a yi na Hausa ma, wanda za su kai gida iyaye su ji.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni uwa ce daga Tasawa, ɗiyata na ajin BEPC bana, ta zo mini da maganar wai ana koya musu yin labarin wasa a kwamfuta ranar Asabar. Ni dai gani nake wasa ne, jarrabawa na tahowa. In hana ta ko in bar ta?

AMSA: Hajiya barka kadai, Allah ya raya mana ita ya ba ta sa'a. Damuwarki a kan hanya take, shekarar jarrabawa ba a wasa da lokaci, kuma wannan abin ba zai maye mata dikte da lissafi da bitar darussa ba. Amma ban ce ki hana ta ba, ki duba tukuna. Ki ce ta kawo miki takardun da ta rubuta da hannunta, ta karanta miki, ke ki zaɓa, in da Faransanci ne ta fassara miki tana tafiya. In kika ga ta rubuta shafi goma ko fiye, ta goge ta sake, tana iya gaya miki dalilin da ya sa in an bi nan ake fita can, to Hajiya rubutu take koyo, kuma rubutun nan shi za a tambaye ta ranar jarrabawa, yarinyar da ta saba tsara abin da ya fara da abin da ya biyo baya ba ta zama ta ƙura wa farar takarda ido. In kuwa kika tarar ba ta rubuta komai ba, wasu ke yi ita tana kallo, ko an koma zaɓen hotuna da kiɗa, ki je ki sami mushen cikin mutunci ki tambaye shi mi ɗiyarki ta rubuta. Asabar ɗaya a mako ba ta da yawa, in jarrabawa ta rage wata biyu sai a jingine har a gama.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni ɗalibi ne a sashen noma na jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, in an yi hutu ina koyar da ƙannena da yaran unguwa a ƙauyenmu wajen Gidan Rumji. Ba mu da ordinatar ko ɗaya, salula ta ce kawai. Zai yiwu?

AMSA: Zai yiwu ɗan'uwa, sai dai ka san iyakar abin. Twine ba shi da manhajar Android ta kansa, na intanet ɗin za ka buɗe a salula, yana aiki amma filin ya yi ƙanƙanta, jan akwatuna da yatsa akwai cin rai. Kuma ka kiyaye wannan da kyau, na intanet ɗin ba a can sama yake ajiye maka labari ba, cikin burauzar wayarka yake ajiyewa, ranar da ka share tarkacen waya don neman fili ko wani ƙane ya yi maka gyara, labarin ya tafi ke nan, to duk zaman da kuka yi ka fitar da fayil ɗin ka tura wa kanka a WhatsApp. Yara su yi duk aikin a takarda, kai ka buga da dare in caji ya samu, ka sa Hausa a allon rubutun Gboard don ka sami ƙ da ɗ da ɓ da ƴ. Hotuna ka haƙura da su, Twine ba ya haɗiye hoto cikin fayil ɗin cikin sauƙi, in ka tura wa wani sai ya ga gurbi fanko. Akwai masu yin irin wannan da Google Forms, inda amsar da ka zaɓa ke kai ka wani sashe, amma shi kowane mai karatu sai da rezo, a ƙauye bai dace da ku ba.

Kai kuma kana da abin da mushen birni zai yi kwaɗayi, zaɓi masu nauyi na nan zube a gonakinku. Ruwan farko ya sauka, a yi shuka yanzu ko a jira na biyu kar iri ya ƙone a ƙasa? An girbe wake ga bashi a wuya, a sayar da kaka da araha ko a zuba a buhun nan mai ninki uku a ɗaure a jira bazara? Tohon da ya fito a kututture a tsakiyar gona, a sare shi ko a gyara shi a bar shi ya zama itace, aikin da a nan yankin Maradi ya kafu tun shekarun 1980 har wasu ƙasashe suka zo koyo? Kowane ɗaya labari ne mai ƙarshe uku cif. Amma kar yaran su ƙago abin da zai biyo bayan zaɓin daga kansu, kar kai ma ka ba su daga kayen jami'a, ka tura su wajen tsofaffin gari da tambaya, Baba shekarar da kuka yi shuka da ruwan farko mi ya faru, shekarar da kuka jira fa, wanda ya ajiye wake ya ci riba ko ƙwari suka riga shi. Amsoshin za su saɓa wa juna, wani tsoho ya ce kaza wani ya ce sam ba haka aka yi ba, kar ka sasanta su, kowace amsa ka ba ta reshenta.